Ranar da Na Kai wa Iya Farar Mota

Tun da na dawo daga Birnin Gwari 'yan majalisarmu ba su bar ni na sha ruwa ba. Wannan ya ce, "Tanimu, yaya motar take?" Wancan ya ce, "Tana shan mai?" Har Malam Hudu tela, wanda ko keke bai iya hawa ba, shi ma so yake ya ji ko tana da ƙarfin hawa tudu. Na yi ta ce musu sai an zauna. To ga shi na zauna. Labarin motar zan ba ku, amma na kasa raba shi da labarin Iya, sai ku yi haƙuri ku ɗauke su tare.

Ga wanda bai san ni ba, direba ne ni a wurin wani Alhaji mai sayar da motoci a Kaduna. Na tsufa ina tuƙa motocin mutane, ko taya ɗaya ban mallaka ba. Kwanakin baya aka kawo wa Alhaji wasu ƙananan jif-jif sababbi dal, wani mai saye ya ce yana son 'yan kaɗan don aikin karkara, amma sai an gwada masa ɗaya a muguwar hanya tukuna. Na ce in dai muguwar hanya ake nema, ai ni ɗan gida ne.

Ƙauyenmu yana can wajen Kuyello. Ba zan faɗi sunansa ba, in kun kai ƙarshe za ku gane dalili. A can mahaifiyata Iya take, ni ne autanta. Tun da mutanen daji suka addabi ƙasar, masu hali suka watse. Yayana Mamman ya kwashe matarsa da yara ya kai su cikin Birnin Gwari, shi kuma ya zauna, saboda Iya ta rantse ba za ta bar ɗakinta ba sai dai a fitar da ita a makara. A ɗakin aka kawo ta tana amarya, kuma babanmu yana kwance a bayan gari. Abin da ya rage mata a duniya ke nan, ta mutu a inda ta zauna.

Na daɗe ban je ba, don hanyar ta zama abin da ta zama. Da can duk zuwan da na yi, in na sauko daga bayan acaɓa na yi buɗu-buɗu, sai ta ce, "Auta, kai da kake jan ta mutane, yaushe za ka zo mini da taka?" Wasa take yi, amma wasan yana da ƙaya. Da aka ce hanya ta ɗan lafa, ga kuma mota a hannu, sai zuciya ta ce mini ga dama. Na nemi Yaya a waya na gaji. Su can sai an hau wani tudu ake samun sabis.

Na fita ta Mando da hantsi. Motar fara ce ƙal, ƙarama, amma ƙafafunta da tsayi, in ka zauna kana hango kan na gabanka. Ba a murɗa mata makulli, wani ɗan maɓalli ake dannawa, ta tashi ba ka ma ji ba. Sitiyarinta laushi, da yatsa biyu za ka juya shi. Aibinta na farko tsegumi. In ba ka ɗaura bel ba sai ta kama ƙara kamar jinjirin da aka cire wa nono a baki, ba ta yin shiru sai ka yi abin da take so. Kujerun kuwa duk suna cikin ledarsu, ana zama suna ƙwaras-ƙwaras. Na ji daɗin ƙarar nan, ba zan ɓoye muku ba.

A Buruku na tsaya karyawa, na ci doya da ƙwai a wata rumfa. A nan na ci karo da Isiyaku, tsohon abokin aikina, wanda yanzu yake jigilar fasinja a hanyar. Ya zagaya motar, ya leƙa ciki, ina jira ya ce Allah ya sa alheri. Bai ce ba.

"Ina za ka da amaryar nan?"

"Gida."

"Gida wanne?"

Na faɗa masa. Ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Cire ledar nan."

Na ce ba tawa ba ce, in na cire Alhaji zai cire mini kunne.

"Alhaji kunne zai cire," in ji shi. "Cire ledar, Tanimu."

Muka yage ta tare, muka dunƙule muka tura ƙarƙashin kujera. Ku duba fa, a Kaduna mutum yakan shekara bai cire ledar mota ba don a san sabuwa ce, har da wanda ta hannu ya saya yakan je a naɗa masa.

Daga nan zuwa Udawa na fara sanin halin motar. Ramukan hanyar nan, waɗanda in ƙaramar mota ta faɗa sai an yi salati, ita haɗiye su take yi. Cikinta bai taɓa ƙasa ba ko sau ɗaya. A tudu kam tana ɗan nishi in na'urar sanyi tana kunne, sai ka taka ta sosai, wannan amsar Malam Hudu ce. Mai kuwa, kamar tana lasa. Sai dai ban samu sakewar yabonta ba, saboda abin da ido yake gani. Ga gawar mota a gefen hanya ta ƙone ta yi tsatsa, ciyawa ta fito ta tagoginta. Ga garuruwan da na san ana tsayawa sayen rake da gasasshiyar masara, yanzu rumfunan sun rufta. Motoci ba sa tafiya ɗai-ɗai, jira suke su taru su bi juna kamar tumaki. A kowane shinge sai an dube ni, a dubi motar, a sake dubana. Wani jami'i ya duba takarduna ya miƙo mini, ya ce, "Baba, Allah ya kai ka lafiya," da irin muryar da ake yi wa mai shiga ɗakin tiyata.

Na shiga Birnin Gwari da la'asar, na sauka inda Hajara matar Yaya take haya da yara, ɗaki ɗaya da rumfa a gidan mutane da yawa. Ni da ita ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ina tsammanin za ta ce in ba ta tukuici ko in kai ta kasuwa. Tana leƙowa ta ga abin da na ajiye a ƙofar gida, sai ta dafe ƙirji.

"Autan Iya, wa ya aike ka?"

Ta sa aka buɗe wani kango kusa da gidan na shigar da motar. Ta tuƙa tuwon masara da miyar kuka, ta sa man shanu, irin wanda rabona da shi tun ina zuwa gida. Ina ci tana yi mini karatu. Ta ce a ƙauye yanzu arziki ciwo ne. Wanda ya yi sabon rufin kwano, an zo. Wanda ɗansa ya aiko da babur, an zo. Ba sai sun gani da idonsu ba, akwai masu kai musu labari, kuma tare ake sallah da su.

"Ka san abin da yayanka yake gaya wa mutane a kanka?" in ji ta. "Cewa yake kana dako a kasuwar Kaduna, ko na abinci ba ka samu. Katangar zaure ta faɗi, da gangan ya ƙi gyarawa. Riga biyu yake sawa, duk da faci. Da wannan suke zaune lafiya shi da Iya."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Mu a birni mutum yana ƙarya ya ƙara wa kansa, su a gida sai ya rage. Ashe shekarun nan ni ɗan dako ne ban sani ba.

Ta ce in bar motar a kango in hau acaɓa. Na ce aikin da aka aiko ni ke nan, in gwada ta a hanyar ƙasa. Gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. So nake Iya ta gan ni a cikinta, ko da sau ɗaya, ko da ta aro ce. Muka yi ta ja, har muka tsaya a kan dabara. Kafin magariba na kwaɓa taɓo a bokiti na shafe motar tun daga goshi har wutsiya, ta koma kamar wadda aka tono daga rami. Hajara ta duba ta ce da dama-dama, amma ranta bai so ba. Na kwana a rumfa a kan tabarma, sauro suka yi ta gaishe ni.

Kashegari da na je kango, me zan gani? Ruwan ƙarshen damina ya sauka kafin asuba, kangon kuma ba rufi. Motar tana tsaye fes, tana ƙyalli, ta fi yadda ta baro Kaduna. Wani mai hankali da ya ce wannan ishara ce. Ni kuwa na ɗan watsa mata ƙasa sama-sama, na ce hanya za ta ƙarasa sauran.

Na bi hanyar Funtuwa, can na saki kwalta na shiga ta ƙasa. A bakin mararrabar akwai shinge na ƙarshe, 'yan sa-kai ne a wurin. Babbansu ya ce mini daga nan gaba kowa Allah ne gatansa. Ba biza, ba hatimi, amma duk iyakar ƙasar da na taɓa ƙetarewa da motar Alhaji ba ta kai wannan zama iyaka ba. A nan wani dattijo Bagware ya roƙi in rage masa hanya, ga buhun taki a kafaɗa, yadda suke ɗaukar kaya. Sunansa Baba Yohanna. Da na faɗi sunan babanmu sai ya ce ai sun yi gayya tare suna samari.

Ya zauna a gaba yana shafa kujera. "Wannan mota ya yi kyau," in ji shi. "Amma kashe iskan nan, ka buɗe gilashi."

Na ce zafi fa, Baba, ga ƙura.

"Ba ka ji komai a ciki. Nan da kunne ake tafiya."

Sai a lokacin na lura. Abin da nake shirin yaba wa motar, cewa in ka rufe gilashi duniya ta yi tsit, shi ne aibinta a dajin nan. Na sauke gilasan, muka ci gaba muna kasa kunne ko za mu ji ƙugin babura. Hanya ta matse, ciyawa ta fi mutum tsayi, motar kuma duk reshen da ya matso sai ta yi ƙara tana gargaɗi. Baba Yohanna ya ce matsoraciya ce, 'yar birni. A wani rafi na tsaya ina shakka, ya ce in bi ta hagu inda akwai tsakuwa. Ta ratsa ruwan nan ko gezau, ta fita ta haye gangaren da santsinsa. A wajen aiki kam ba ta ba ni kunya ba. Sai dai rafin ya wanke ɗan abin da hanya ta shafa mata.

Da zai sauka kusa da gonarsa, bai yi mini doguwar godiya ba. Ya ce, "Ka gai da tsohuwa. Kada ka kwana."

Na shiga garinmu rana ta ɗaga. Yara da suka hango mota, maimakon su biyo ta da gudu yadda muke yi muna ƙanana, sai suka shige gidaje. Na tsaya a ƙofar zaurenmu mai faɗaɗɗiyar katanga. Yaya Mamman ya fito da fartanya a hannu, ya rame, gemunsa ya yi fari. Ya dube ni, ya dubi motar. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta mutu a tsaye irin haka ba.

"Juya," ya ce a hankali. "Juya da ita yanzu, kafin..."

Bai ƙarasa ba Iya ta fito tana dogara sanda. Idonta ya yi rauni, amma farin abu babba a ƙofar gida ba ya ɓuya. Ta matso, ta shafa ƙofar motar, ta shafa fuskata.

"Auta? Kai ne? Taka ce?"

Na buɗe baki zan ce a'a. Wallahi na buɗe. Amma yadda fuskarta ta washe, sai harshena ya yi nauyi na ɗan lokaci, kuma ɗan lokacin nan ya isa.

Ku da kuka san matan da, kun san uwa ba ta yi wa ɗanta guɗa. Ko a aurena Iya ɗaki ta shige, ta bar wa goggonni. Alkunya ce ta rayu da ita. Amma ranar nan tsohuwar da ta binne miji, ta ga jikokinta sun watse, ta shekara ba ta ji labari mai daɗi ba, sai ta saki sanda, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Muryar da nake zaton ta ƙare ta tashi ta ratsa garin nan har bayan gari. Ta sake, ta kuma sakewa, tana cewa, "Auta ya yi mota! Jama'a ku zo ku taya ni gani!"

Yaya ya jingina da bango ya runtse ido.

Mutane suka fito, ba da gudu ba. Aka tsaya nesa-nesa ana kallo. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina cewa ta maigidana ce, gwaji aka ba ni. Da aka idar da azahar na miƙe a masallaci na rantse da Allah cewa ko madubin motar nan ba nawa ba ne. Wani tsoho, abokin babanmu, ya dafa kafaɗata ya ce, "Haka ne, ɗana. Haka ake cewa." A garin da kowa yake rantsuwa ba shi da komai, ta yaya za a gane mai gaskiya?

Iya kuwa ta sa an kama zakara. Ta zaunar da ni a ɗakinta ta dama mini fura da hannunta, tana ta sa albarka. Na ce, "Iya, ba tawa ba ce fa." Ta yi dariya ta rage murya. "Na sani, na sani. Ɓoye abinka."

Ana cikin fige zakaran wani mutum ya tsaya da babur a ƙofar gida. Sale sunansa, ɗan garin ne, yana sayar da fetur da burodi, kuma kowa ya san inda yawancin burodin yake zuwa. Ya gaishe mu da ladabi har ƙasa. Ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa taya da ƙafa.

"Kawu Tanimu, ashe dako yana da riba," in ji shi yana murmushi. "Allah ya sa rai aka yi wa."

Tun daga Kaduna nake jiran wani ya yi wa motar nan addu'a. Shi ne na farko bayan Iya, kuma da ya faɗa sai da tsikar jikina ta tashi. Ya tambaya ko zan kwana biyu. Na ce sai yadda ta yiwu. Ya hau babur ɗinsa, bai bi ta cikin gari ba.

Yaya ya shiga ɗakin Iya, na bi shi. Ya durƙusa a gabanta ya ce a haɗa kaya, yau za mu tafi. Ta ce ya san rantsuwarta. Ya ce ya sani. Ta ce to wa zai ɗauki tsohuwa irinta, a kai ta daji a yi me da ita?

"Ba ke za su ɗauka ba, Iya," in ji shi. "Ni za su ɗauka. Sannan su kira Auta su ce ya sayar da motarsa."

Iya ta sunkuyar da kai. Can ta ɗago ta ce, "Guɗar nan ce ko? Ni na kira su?"

Na ce a'a, Iya, ni ne na kawo abin. Yaya ma ya ce ba ita ba ce. Ba ta saurari kowa a cikinmu ba. Na yi kuka a gabanta kamar yaro, ban ji kunya ba, don baƙin cikin ya fi ƙarfin kunya. Sau ɗaya tak ta yi murna da ni a bainar jama'a, shi ne ya raba ta da ɗakinta.

Masu tambayar girman but, wurin zuba kaya na baya, ga amsarku: ƙarami ne. Ya ɗauki ƙullin tufafinta, da tabarmar sallah, da tukunya biyu, da ɗan buhun dawa. Gadon ƙarfen da aka kawo ta da shi bai shiga ba, turminta bai shiga ba. Awaki aka bar wa maƙwabta, zakaran ma da aka fige aka miƙa musu. Masarar Yaya tana tsaye a gona ta nuna, saura karya kawai. Iya ta ce a kai ta ta yi wa Malam, wato babanmu, sallama a bayan gari. Yaya ya dubi rana ya ce babu hali.

Na ɗauke ta na sa a kujerar gaba, ba ta fi nauyin yarinya ba. Na ɗaura mata bel. Yaya ya shiga baya ya rungume buta da fitila. Ba wanda ya fito rakiya, sai dai ana leƙe ta kan danga.

Mun ɗan taɓa tafiya sai na ga tana ta ƙoƙarin juyawa. Bel ya riƙe ta, wuya ba ya juyuwa, gilashin bayan motar kuma ɗan ƙarami ne, can sama, kaya sun tare rabinsa.

"Auta," in ji ta, "motar nan taka ba a ganin baya."

Na taka birki. Na sa giyar baya ban saki birkin ba. Motar tana da wani ɗan allo a gaba, in ka sa giyar baya sai ya nuna maka abin da yake bayanka. Hoton ya fito. Ga zaurenmu ya ɗan lanƙwashe, ga faɗaɗɗiyar katanga, ga kan ɗakinta, ga bishiyar ɗorawar da take shanya a ƙarƙashi. Duka bai fi tafin hannu ba.

Na ce, "Iya, duba nan."

Ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa allon. Ta kai yatsa ta ɗora a kan ƙofar zauren, ta bar shi a nan. Bakinta yana motsi, ban ji abin da take cewa ba.

"Tanimu," in ji Yaya daga baya, "rana tana yi."

Na jira ta ɗauke yatsan da kanta. Ba ta ɗauke ba. Na mayar da giya gaba, allon ya yi baƙi a ƙarƙashin hannunta, muka kama hanya.